FADA FELIX VARELA: SHEHIN MALAMIN DA YA KOMA ƊALIBI YANA DA SHEKARA 35

Kowace shekara daga ran 15 ga watan Satumba zuwa ran 15 ga watan Oktoba, mutanen Amurka waɗanda tushensu ya fito daga Sifen da sauran ƙasashe masu magana da Sifaniyanci sukan yi bikin tunawa da asalinsu da kuma abin da kakanninsu suka tsinana wa ƙasar. An fara wannan biki a shekarar 1968 yana na mako guda, sa'an nan a 1988 aka mai da shi na wata ɗaya cur. Da yawa daga cikin masu bikin baƙi ne da suka shiga ƙasar da girmansu, masu wuni wajen neman abinci, da dare kuma su zauna a ajin manya, sau da yawa a zauren wani coci, suna koyon karatu da rubutu da Turanci. Akwai wani firist da ya riga su bin wannan hanya da shekaru kusan 200. Sunansa Fada Felix Varela, mutumin tsibirin Kyuba, kuma tarihinsa ne muka kawo muku a wannan fitowa.

Maraya a gidan soja

An haifi Felix Varela a birnin Habana ran 20 ga watan Nuwamba, 1788, lokacin da Kyuba take ƙarƙashin mulkin Sarkin Sifen. Mahaifinsa hafsan soja ne da ya zo daga Sifen. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ɗan yaro ƙarami, saboda haka renonsa ya koma hannun kakansa na wajen uwa, Bartolomé Morales, wanda shi ma babban hafsa ne. Da aka tura kakan ya shugabanci sojojin garin San Agustin a Fulorida, wadda a lokacin ita ma mallakar Sifen ce, sai ya tafi da jikansa.

A wannan ƙaramin gari na bakin teku ne yaron ya faɗa hannun wani firist ɗan ƙasar Ailan, Fada Michael O'Reilly, wanda ya koya masa Latin da kiɗa da tushen addini. Ba wanda ya san cewa wata rana yaron zai biya wannan alheri ga dubban 'yan ƙasar malaminsa. Da ya kai wajen shekara 14, kakansa ya nemi ya sa shi aikin soja kamar yadda gidansu ya gada. Yaron ya nuna cewa ceton rayuka yake so, ba ɗaukar su ba. Kakan ya haƙura, aka mai da shi Habana ya shiga Seminarin San Carlos.

Ya yi fice a karatu ƙwarai, har Bishop na Habana, Juan José Díaz de Espada, ya sa masa ido. A watan Disamba na 1811 aka keɓe shi firist yana da shekara 23, bayan an ba shi izini na musamman domin bai kai shekarun da dokar Ikilisiya ta ƙayyade ba. A wannan shekara kuma aka ba shi kujerar koyar da falsafa a seminarin da ya yi karatu.

Malamin da ya sauke Latin

A zamanin, duk wani ilimi mai zurfi da Latin ake koyar da shi. Ɗalibi yakan haddace abin da magabata suka rubuta, ya maimaita shi a gaban malami, ko ya gane ko bai gane ba. Fada Varela ya ga cewa wannan hanya tana cika kai da kalmomi, ta bar hankali fanko. Da goyon bayan Bishop Espada, sai ya fara koyarwa da Sifaniyanci, harshen da ɗalibansa suka sha a nono. Littafinsa na farko na falsafa ya nuna wannan canji a fili: kundi biyu na farko da Latin ya rubuta su, waɗanda suka biyo baya kuwa da Sifaniyanci.

Bai tsaya nan ba. Ya tara kayan gwaji ya shigo da su aji, domin ɗalibai su ga da idonsu yadda abubuwa suke aiki a fannin kimiyya, maimakon su ji labari kawai. Yakan sa su yi tambaya, su yi gardama ta hankali, su bi hujja har inda ta kai su. Daga ajinsa ne aka sami mutane irin su José Antonio Saco, marubucin tarihin bauta, da José de la Luz y Caballero, babban malamin tarbiyya, da Felipe Poey, masanin halittu. Har yau mutanen Kyuba suna tunawa da shi a matsayin wanda ya fara koya musu yin tunani da kansu. Ban da koyarwa kuma, gwanin goge ne irin na Turawa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar makaɗa ta birnin Habana.

A farkon shekarar 1821 aka buɗe sabuwar kujera ta koyar da tsarin mulki a seminarin, aka ɗora shi a kai. Samari suka yi ta tururuwa zuwa jin darasinsa a kan 'yancin ɗan ƙasa da iyakar ikon mai mulki. Cikin shekarar ce kuma aka zaɓe shi ya wakilci Kyuba a majalisar dokoki ta Sifen. Ya shiga jirgin ruwa ya bar Habana, bai kuwa sake taka ƙasar haihuwarsa ba har ya bar duniya.

Hukuncin kisa

A majalisa Fada Varela ya ɗauki batutuwa uku masu nauyi. Ya nemi a ba ƙasashen da Sifen take mulka a ƙetaren teku ikon tafiyar da harkokinsu na cikin gida. Ya ba da shawara a amince da 'yancin kan ƙasashen Amurka ta Kudu waɗanda suka riga suka ƙwaci kansu, a daina zubar da jini a banza. Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, ya tsara shirin kawar da bauta a Kyuba. A lokacin arzikin tsibirin kacokan a kan rake yake, raken kuma a kan gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. Manyan masu gonaki, waɗanda 'ya'yansu suka zauna a ajinsa, ba su so jin wannan magana ba ko kaɗan. Sai a 1886, shekara 33 bayan rasuwarsa, aka hana bauta a Kyuba.

Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. A 1823 sojojin Faransa suka shiga Sifen domin su mayar wa Sarki Fernando na 7 da cikakken ikonsa. Majalisa ta tashi daga Madrid ta koma Sebiya, daga can ta koma Kadis. Fada Varela yana cikin 'yan majalisar da suka jefa ƙuri'ar dakatar da sarkin na ɗan lokaci. Da sarki ya sami galaba, sai ya rushe majalisar, aka yanke wa waɗanda suka yi wannan ƙuri'a hukuncin kisa. Fada Varela ya tsere zuwa Jibraltar, wadda take hannun Ingila, daga nan ya sami jirgin ruwa zuwa Amurka tare da abokan wakilcinsa biyu, Tomás Gener da Leonardo Santos Suárez.

Baƙo a Niyu Yok

Sun sauka a birnin Niyu Yok a watan Disamba na 1823, tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe tituna. Ku dubi halin da wannan bawan Allah ya sami kansa. Jiya-jiya shehin malami ne wanda ake cika zaure domin a saurare shi, ɗan majalisa mai jawabi a gaban manyan ƙasa. Yau ga shi ɗan gudun hijira mai shekara 35, ba gida, ba aiki, ga ciwon asma da sanyi yake tayar masa, ga shi kuma ba ya iya tambayar hanya sai da tafinta. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wani saurayi ɗan Kyuba, tsohon ɗalibinsa, shi ya riƙa yi masa jagora yana fassara masa magana. Malami ya koma hannun almajirinsa.

Turanci bai zo masa da sauƙi ba. Masu tarihinsa sun ce da farko harshen a kunnensa kamar fito yake, ba ya iya raba kalma da kalma. Duk wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci da furfura a kansa ya san wannan hali: ka san kana da hankali, ka san abin da kake so ka faɗa, amma baki ya ƙi, yara ƙanana kuma suna yi maka dariya. Akwai hanya mai sauƙi a gabansa, wato ya zauna cikin 'yan ƙasarsa masu gudun hijira, ya yi ta rubutu da harshensu yana jiran ranar komawa gida. Amma shi firist ne, firist kuwa ba ya iya sauraron mai furta zunubi, ko ya ta'azantar da mai baƙin ciki, ko ya yi wa'azi, in ba ya jin harshen jama'arsa. Saboda haka ya durƙusa ya koya.

Wata dabarar da ta taimake shi ita ce fassara. Ya ɗauki littafin Thomas Jefferson a kan ƙa'idojin zaman majalisa, da littafin Humphry Davy a kan kimiyyar noma, ya juya su daga Turanci zuwa Sifaniyanci, aka buga su a 1826. Da jifa ɗaya ya sami riba biyu: shi ya ƙware a sabon harshe, mutanensa kuma suka sami ilimin mulki da na noma cikin harshensu.

Koyon Turanci bai sa ya yar da nasa ba. Tun a 1824, a birnin Filadelfiya, ya fara buga wata jarida da Sifaniyanci mai suna El Habanero, wadda take cikin jaridun farko na wannan harshe a Amurka. A cikinta ya fito fili ya nemi 'yancin Kyuba. Hukumar Sifen ta haramta ta, amma aka riƙa shigar da ita tsibirin a ɓoye, tana yawo daga hannu zuwa hannu. Daga baya ya rubuta wasiƙunsa ga matasa, Cartas a Elpidio, kundi na farko a 1835, na biyu a 1838, inda ya gargaɗe su game da rashin tsoron Allah da kuma camfi. Sunan Elpidio daga kalmar Helenanci ya fito, ma'anarta bege, domin a wurin matasa ya ajiye begensa.

Uban baƙi

Da bakinsa ya fara buɗewa, sai aka ba shi aiki a matsayin mataimaki a Cocin Waliyyi Bitrus na Niyu Yok. Katolika a birnin a lokacin 'yan tsiraru ne, yawancinsu baƙi matalauta daga Ailan, waɗanda suke sauka daga jiragen ruwa ba su da komai sai tufafin jikinsu. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, wasu ma harshen ƙauyensu kaɗai suke ji sosai. An raina su saboda talaucinsu, an ƙi su saboda addininsu. Masu karatu za su tuna cewa daga wannan ƙasa ta Ailan ne yawancin firistocin da suka yi aiki a yankunan Kaduna da Jos a ƙarni na 20 suka fito. Kakannin zamaninsu da suka yi hijira zuwa Amurka, a hannun wannan baƙo ɗan Kyuba da yawansu suka sami mafaka.

A 1827 Fada Varela ya tara kuɗi, nasa da na abokansa, ya sayi wani tsohon coci a titin Ann, ya buɗe sabuwar ikilisiya mai suna Cocin Almasihu. Abin da ya fara yi bayan bagade shi ne makaranta, ta yara maza da ta yara mata. Ya kafa wurin renon 'ya'yan gwauraye mata domin iyayensu su sami damar fita neman abinci, ya kuma shirya yadda za a koya wa mata sana'ar hannu irin ta ɗinki. Ya san cewa sadaka tana kashe yunwar yini ɗaya, amma karatu da sana'a su ne suke tsayar da baƙo da ƙafafunsa.

Da ginin ya lalace har ya zama haɗari, sai jama'ar suka kasu biyu, aka sami ikilisiyoyi biyu daga guda: Cocin Waliyyi Yakubu, da Cocin Sākewar Kamannin Ubangiji wanda aka buɗe a 1836 a titin Chambers, inda shi kansa ya ci gaba da aiki. Jama'arsa sun haɗa da mazaunan unguwar Five Points, wadda ta yi ƙaurin suna a duk ƙasar saboda cunkoso da ƙazanta da shaye-shaye da faɗace-faɗace.

A 1832 annobar kwalara ta auka wa birnin, ta kashe mutum fiye da 3,500. Masu hali suka kwashe iyalansu suka gudu ƙauye. Fada Varela, da ƙirjinsa mai ciwo, ya tare a asibitoci da ɗakunan matalauta dare da rana, yana shafa wa masu mutuwa mai, yana ji musu furcin zunubi cikin harshen da shekara tara da suka wuce bai iya ko gaisuwa da shi ba. A 1840 kuma, da ya ga yadda giya take cinye albashin leburori tana watsa gidaje, sai ya kafa ƙungiyar masu alkawarin barin sha.

Kyautarsa ta zama abin labari a birnin. Agogonsa, da rigar sanyinsa, da shimfiɗar gadonsa, duk sukan bi hannun mabukata. Ana ba da labarin wata matalauciya da ta zo roƙo ba shi da ko kwabo, sai ya ba ta cokalin azurfa ta sayar. 'Yan sanda suka kama ta da zargin sata, sai da ya je da kansa ya shaida cewa shi ya ba ta. Ana kuma ba da labarin mai kula da gidansa, wadda ta gaji da ganinsa cikin tsumma, ta je ta roƙe shi kuɗin tufafi domin wani mutumin kirki mai fama da rashi. Da ya bayar, sai ta sayo tufafin ta ajiye masa, domin shi ne mutumin.

Alƙalami cikin harshe na biyu

Abin mamaki shi ne inda Turancin nan ya kai shi. Mutumin da ya sauka yana buƙatar tafinta ya zama marubuci da harshen. A shekarun da ake yawan sukar Katolika a jaridu da kan mumbari, shi ne ɗaya daga cikin masu ba da amsa, kuma an san shi da yin haka cikin natsuwa da hujja, ba zagi, ba cin mutunci. Ya yi wa yara da matasa rubutu a mujallunsu, sa'an nan daga 1841 ya shirya mujallar The Catholic Expositor tare da Fada Charles Constantine Pise. Bishop John Dubois ya naɗa shi Babban Mukaddashinsa a Dayosis na Niyu Yok, wanda a lokacin ya haɗa dukan jihar da wani ɓangare na jihar Niyu Jasi. Ya halarci taron bishop-bishop na ƙasar a Baltimo a matsayin masanin tauhidi, kuma Seminarin Maryamu Mai Tsarki na can ya ba shi digirin dakta. Har ƙarshen ransa harshensa na asali yana fitowa a lafazinsa, amma wannan bai hana jama'a cika cocinsa ba, domin sun san wanda yake magana.

Bayan mutuwar Sarki Fernando a 1833 an yi wa 'yan gudun hijira afuwa, amma Fada Varela bai koma Kyuba ba. Bai ga laifin da ya yi da za a yafe masa ba, ga kuma garken da Allah ya danƙa masa a baƙuwar ƙasa. Duk da haka bai taɓa karɓar takardar zama ɗan Amurka ba. Ya ƙaunaci ƙasar da ta ba shi mafaka, ya bauta mata shekaru kusan 30, amma ya mutu yana ɗan Kyuba.

Komawa mafari

Sanyin arewa da yawan aiki suka ci ƙarfinsa. Asma ta tsananta, idanunsa suka dushe. A ƙarshen shekarun 1840, daidai lokacin da yunwa take koro dubban mutanen Ailan zuwa Niyu Yok, dole ta sa ya riƙa sauka kudu neman ɗumi, har daga baya ya zauna a San Agustin, garin ƙuruciyarsa, wanda tun 1821 ya koma hannun Amurka. Firist na garin, Fada Edmond Aubril, Bafaranshe, ya ba shi ɗan ɗaki na katako kusa da coci.

A ƙarshen 1852 wani tsohon ɗalibinsa, Lorenzo de Allo, ya ziyarce shi, ya tarar da shi cikin tsananin rashi. Ya rubuta wa abokai a Habana, suka tara gudummawa suka aiko manzo da ita. Kafin manzon ya iso, Fada Varela ya riga ya huta, a watan Fabrairu na 1853, yana da shekara 64. Da kuɗin aka gina ɗan ɗakin sujada a kan kabarinsa a maƙabartar Tolomato. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa aka haifi José Martí a Habana, wanda daga baya ya jagoranci neman 'yancin da Fada Varela ya yi wa shimfiɗa.

A 1911 aka ɗauke ƙasusuwansa aka kai su babban zauren Jami'ar Habana, shekara 90 bayan fitarsa daga birnin. A 1997 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa. A watan Janairu na 1998 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya tsaya a gaban kabarinsa ya yi addu'a, lokacin ziyararsa a Kyuba. A 2012 Paparoma Benedict na 16 ya amince cewa ya yi rayuwa ta nagarta irin ta jarumawan bangaskiya, aka ba shi matsayin Abin Girmamawa, wanda mataki ne a kan hanyar shiga sahun waliyyai. Ikilisiyarsa ta Sākewar Kamanni, wadda ta koma titin Mott a 1853, ta ci gaba da karɓar baƙi bi da bi: bayan 'yan Ailan sai 'yan Italiya, bayansu sai 'yan ƙasar Sin.

'Yan'uwa, a Habana Fada Varela ya sauke ilimi daga Latin zuwa harshen ɗalibansa domin su gane. A Niyu Yok kuma ya sauke kansa daga kujerar malami zuwa bencin ɗalibi domin ya gane jama'arsa. Ƙauna ɗaya ce ta sa shi yin duka biyun. Saboda haka 'yan'uwansa masu Sifaniyanci da suke zaune a azuzuwan dare a yau suna da dalilin yin alfahari da shi, haka kuma kowane uba ko uwa da yake jin kunyar ɗaukar fensir saboda shekaru. Gemu ba ya hana ilimi. Wanda kuma Allah ya riga ya ba shi karatu, ya duba kusa da shi, zai ga wani baƙo ko wani dattijo mai jiran wanda zai zauna da shi ya nuna masa baƙi.

Allah ya ba mu zuciya irin tasa, ya kuma gaggauta ranar da Ikilisiya za ta kira shi Mai Albarka. Amin.